Jan Tirelar Jirgin Ruwa da Ƙaramar Tarakta: Kira ga Masu Jirage da Shugabanninmu a Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani aiki da 'yan'uwanmu 'yan Arewa suke yi a bakin ruwan Legas, wanda ba kasafai ake jin labarinsa ba, wato shigar da manyan jiragen ruwa masu inji cikin wuraren ajiya da fitar da su a kan tirela, ana jan su da ƙaramar tarakta. Ni direban tarakta ne. A gonakin noman rani na Kadawa da ke Jihar Kano na koyi tuƙi, kafin neman abinci ya kawo ni Ikko, kuma yanzu wannan aikin nake yi a wani wurin ajiyar jirage da ke ɓangaren Lekki.

Tun da gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga ranar 1 ga Yunin 2022, ciki har da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island, samarinmu da yawa suka watsu neman wata sana'a, wasunsu kuma suka sami gadi ko leburanci a wuraren ajiyar jirage da ke jere a gaɓar ruwan Ikoyi da Victoria Island da Lekki. Masu waɗannan jirage ba sa son barin su cikin ruwa, saboda gishiri da ƙananan halittun da ke manne wa ƙasan jirgi suna lalata shi, don haka sai a fito da su a ajiye a kan tudu, ranar hutun ƙarshen mako kuma a mayar da su ruwa domin tafiya wuraren shaƙatawa na bakin teku irin su Tarkwa Bay ko Ilashe. Fili a waɗannan unguwanni ya fi komai tsada, saboda haka ana jera jiragen kusa da kusa, har wani lokaci tazarar da ke tsakanin jirgi da jirgi ba ta wuce mutum ya ratsa a karkace ba. A irin wannan matsi mota ba ta da wurin juyawa, shi ya sa aka koma ga tarakta.

Ba na kushe wannan zaɓi, domin ƙaramar tarakta ta dace da aikin. Gajera ce, tana juyawa a wurin da mota ba za ta iya ba, direba yana zaune a sama yana ganin mahaɗar tirela da idonsa, sannan tana da ƙaramar giyar da za ta riƙa tafiya a hankali fiye da tafiyar ƙafa. Damuwata ita ce yadda ake auna ƙarfinta. Idan mai wuri zai sayi tarakta, tambayar da yake yi ita ce ko za ta iya jan jirgin, alhali abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne ko za ta iya tsayar da shi. Taraktar da ke da ƙarfin doki 25 zuwa 40 nauyinta bai cika wuce tan 1 zuwa tan 1 da rabi ba. Jirgi mai tsawon ƙafa 28 ko 30 kuwa, idan aka haɗa shi da injina biyu a baya, da man da ke tankinsa, da ita kanta tirelar, yana iya kai wa tan 4 ko fiye, domin inji guda mai ƙarfin doki 200 ya haura kilo 200. A kan shimfiɗaɗɗen siminti taraktar za ta ja wannan kaya cikin sauƙi, sai kowa ya ɗauka ta fi ƙarfinsa. Lamarin ya yi kama da yaron da ke riƙe da igiyar bijimi a hanyar mayankar Oko-Oba: muddin bijimin yana bin sa, sai a ce yaron ne ke jan sa, amma da zarar ya fizge za a gane wanda ke jan wani. Ƙaramin gangare ya isa ya sa tirela ta fara tura tarakta, kuma mafi yawan ƙananan taraktoci a tayoyin baya kawai birkinsu yake, sai an saka giyar da ke haɗa tayoyi huɗu sannan na gaba su taimaka wajen riƙewa.

Inda aka ɗaura tirelar ma yana da muhimmanci ƙwarai, kuma nan ne na fi ganin ganganci. Da yawa suna ɗaura dunƙulen ƙarfen da wuyan tirela ke zama a kai a jikin hannuwan nan na baya da ake maƙala garma, tsarin da Harry Ferguson ya ƙirƙiro, domin da shi direba zai ɗaga wuyan tirelar daga kujerarsa ba tare da an murza jak ba. Sauƙi ne babba, amma waɗannan hannuwa an yi su ne su ɗaga kaya sama, a yawancin taraktoci babu abin da ke danne su ƙasa. Nauyin jirgin ruwa a bayansa yake, inda injina suke, kuma abin da ke sauka a wuyan tirela kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na dukkan nauyin. Saboda haka idan tayoyin tirela suka faɗa rami, ko aka taka birki tana turowa, ko mutum biyu suka hau bayan jirgin, wuyan yana iya tashi sama ya ɗaga hannuwan tare da shi, ya rage wa tayoyin baya kamun ƙasa daidai lokacin da ake bukatar birki. Maganin wannan ba shi da tsada: sarƙa mai kauri ko sandar ƙarfe da za ta ɗaure hannuwan da ƙarfen ja na ƙasa, ta hana su wuce wani tsayi. Haka kuma duk wanda ya yi aikin gona ya san cewa ba a jan kaya mai nauyi daga wurin da ya fi sandar tayoyin baya tsayi, domin tarakta tana iya ɗaga gabanta ta kife ta baya a kan direba cikin ƙasa da daƙiƙa 2.

A ra'ayina, idan wuri ya matse sosai, ɗaura tirela a gaban tarakta ya fi. Direba yana fuskantar jirgin, yana tura shi yana kallon gefensa duka biyu, ba ya murɗa wuya yana waige, kuma da yake tayoyin da ke juyawa suna dab da mahaɗar, ɗan motsi kaɗan na sitiyari ya isa ya karkatar da tirelar. Sai dai nauyin da ya sauka a gaba yana rage na baya, don haka dole ne a rataya wani abu mai nauyi a bayan taraktar, a kuma bar wuyan tirelar ƙasa-ƙasa. Wannan dabara ta cikin fili ce mai shimfiɗa, ba a sauka gangaren ruwa da ita.

Shi kansa tuƙin, ilimi ne da ake koya, kuma ba ya karɓar gaggawa. Doguwar tirela ba ta saurin amsa sitiyari, sai an yi 'yar tafiya sannan a ga bayanta ya fara karkata, shi ya sa sabon direba yakan ƙara murza sitiyarin yana zaton bai isa ba, har tarakta da tirela su naɗe, wuyan tirelar ya daki taya. Gwani yana murzawa kaɗan, ya jira ya ga amsar, ya warware tun kafin kwanar ta cika, idan kuma ya ga layin ya ɓaci sai ya ja gaba ya miƙe ya sake, ko da sau nawa ne. Tayoyin tirela yake kallo, domin a kansu komai ke juyawa. Sannan akwai abin da ke cin mutane da dukiya fiye da komai, wato sharar baya: jikin jirgin da injinansa sun zarce tayoyin da mita 2 ko fiye, saboda haka idan wuyan ya yi dama, bayan yana sharowa hagu da faɗi, ya daki katanga ko jirgin maƙwabci ko mutumin da ke tsaye a wurin. Tirela mai tayoyi layi biyu kuma idan aka matsa mata a kwana mai tsanani, za ka ga tayoyin suna gurzar ƙasa suna lanƙwashewa ta gefe, wanda hakan ke nuna cewa a buɗe kwanar. Wasu tirelolin suna da birkin da ke kama kansa idan wuyan ya matsu, to wannan yakan kulle tayoyi idan ana turawa baya, sai an saka masa fil ɗin da ke hana shi aiki, kuma wajibi ne a tuna a cire fil ɗin kafin mota ta hau titi da ita.

Malam Edita, yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A wurare da dama da na gani, gibin da ƙarancin nauyin tarakta da rashin birkin tirela suka bari, da jikin ɗan'adam ake cike shi. Za ka ga saurayi sanye da silifas yana tafiya a sunkuye dab da tayar tirela, yana riƙe da guntun katako ko bulo a matsayin weji, yana jiran a yi masa tsawa ya cusa shi ƙarƙashin tayar da ke tafiya. Wani kuma yana can baya tsakanin farfelar inji da katanga, ya dafa jirgin da tafin hannu biyu kamar zai iya tare tan 4, a wurin da direba ba ya ganinsa sam. Mutum uku ko huɗu suna ihu lokaci guda, wannan da Yarabanci, wancan da Turancin buroka, wancan da Hausa, ga ƙarar inji, direba bai san muryar da zai bi ba. Yawancin waɗannan samari ba a ɗauke su don wannan aiki ba, masu gadi ne ko masu wanke jirgi da aka kira su taimaka, kuma kunya da tsoron rasa aiki ba sa barin su su ce a'a. Ƙa'idar da muka ɗora wa kanmu a inda nake aiki ita ce mutum ɗaya tak ke ba da hannu, wato yi wa direba alama da hannu, yana tsaye a gefe inda muke haɗa ido, an yi yarjejeniya a kan alamun tun kafin a tayar da inji, idan kuma ya ɓace mini ko na ɗan lokaci ne sai in tsaya cak. Ba a saka weji sai tirela ta tsaya, kuma wejin yana da igiya ko dogon mariƙi don kada hannu ya kusanci taya.

Gangaren da ake saukar da jirgi cikin ruwa shi ne wuri mafi haɗari. Ruwan tafkin Legas yana cika yana janyewa tare da teku, kuma idan ya janye yakan bar gansakuka da laka a kan simintin, santsin da ko mai tafiya a ƙafa yana jin sa, balle lokacin da kainuwa ta taru ta ruɓe a bakin gaɓa. Idan tayoyin tarakta suka taka wannan wuri, birki ba ya hana ta zamewa. Abin da ya dace shi ne a kankare gangaren a kai a kai, a ƙara wa tirela dogon ƙarfe ko a yi amfani da na'urar ja mai waya domin taraktar ta tsaya a busasshen wuri, a haɗa fedojin birkin hagu da dama wuri guda, a saka ƙaramar giya tun daga sama, kada kuma a taɓa kuloci a tsakiyar gangare, domin da zarar an taka shi an raba inji da tayoyi ke nan. Ruwan gishiri yana cinye birkin tirela da ƙarafan tayoyinta, saboda haka wanke su da ruwan daɗi bayan kowace shiga wani ɓangare ne na aikin. Sauran abubuwan lura a Legas kowa ya san su: murfin kwata na siminti da ke karyewa a ƙarƙashin nauyi, daɓen bulo da aka shimfiɗa a kan yashi wanda ke lotsawa da damina, da wayoyin lantarki masu saukowa ƙasa waɗanda rumfar jirgi ke iya kamawa. Ƙarfen kariyar da ke saman direba kuma, wanda ake naɗewa don shiga ƙarƙashin rumfa, a mayar da shi tsaye da zarar an fito, a ɗaura bel.

Ina kira ga masu wuraren ajiya da masu jirage da su daidaita tarakta da nauyin jirgi mafi girma da ke filinsu, su gyara birkin tirelolinsu, su kuma daina damƙa makulli ga duk wanda ke kusa. Dokar ƙasa ta ware wa masu tuƙa tarakta ajin lasisi na daban, ajin F, kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF domin wanda ya ji rauni a bakin aiki ya sami diyya. Samarinmu da yawa ba su taɓa jin wannan ba. Ina kuma roƙon hukumomin da ke kula da hanyoyin ruwa, wato LASWA ta Jihar Legas, wadda aka kafa a 2008, da NIWA ta tarayya, da su haɗa gangaren saukar da jirage da filayen ajiya cikin abubuwan da suke dubawa, kamar yadda suke duba rigunan kariya a tashoshin jirage.

Ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago kuwa, Allah ya ƙara muku lafiya, roƙona shi ne ku nemo tsofaffin direbobin tarakta da ke cikinmu, waɗanda suka yi aikin gona a Arewa kafin su zo nan, ku haɗa su da samarin da ke aiki a bakin ruwa. Fili mara cunkoso, da tirela marar kaya, da 'yan jarkoki da za a jera a matsayin katanga sun isa a fara koyon tura tirela baya da ba da hannu. Ni a shirye nake in ba da lokacina ranar da ba na aiki, kuma duk shugaban da ke son a fara zai iya nemana ta ofishin wannan jarida.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Direban tarakta,
Lekki, Legas.