Takardar Koke Kan Hanyar Hawa Dutse da Lafiyar Baƙin da Ke Zuwa Yawon Buɗe Ido

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
ta hannun Mai Girma Hakimi.
Kwafi: Shugaban Ƙaramar Hukuma.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwar ban girma, mu talakawanka masu rakiyar baƙi kan dutse, da direbobin da ke hawa da saukar magangara, da masu masauki, mun kawo kukanmu gabanka. Hanyar da baƙi ke bi su hau su hango gari da kwari daga sama tana lalacewa. Ruwa ne ke cin ta, kuma muna roƙon a sa hannu kafin damina ta faɗi.

Ranka ya daɗe, matsalar turbar ƙafa ita ce ta miƙe sak daga gindin dutse zuwa sama, wato ta bi layin da ruwa ke bi in zai sauko. Da an yi ruwa sai ta koma rafi. Ruwan ya kwashe ƙasar sama ya bar tsakuwa mai santsi, masu hawa su kauce gefe su tattake ciyawa, baɗi ruwa ya cinye inda suka tattake. Haka turba mai faɗin mutum biyu ke zama kwazazzabo.

Zuba siminti a kai ba zai yi magani ba. Simintin da aka ɗora kan ƙasa mai laushi, ruwa kan shiga ƙarƙashinsa ya rarake, ya dare gida biyu. Abin da ake bukata shi ne a karkata turbar ta riƙa hawa a kaikaice tana kwana, yadda a kowace mita 10 ba za ta ɗaga fiye da mita 1 ba. A ɗan kishingiɗa shimfiɗarta wajen gangare, kamar santimita 5 a faɗin mita 1, don ruwa ya tsallake ta ya wuce maimakon ya bi tsawonta. Sannan a jera duwatsu a gicciye, a karkace, a binne kashi biyu cikin uku na kowanne, su riƙa kora ruwa gefe. Inda hawan ya yi tsanani a matso da jerin kusa da juna. A bakin kowane jeri a zuba ƙananan duwatsu, in ba haka ba ruwan da aka kora zai haƙa sabon rami. Kuma dole a sa mai kwashe yashin da ke taruwa a bayansu duk bayan ruwa mai ƙarfi, don in suka cike sun tashi daga aiki.

Inda babu makawa sai matakala, a fara gini daga ƙasa zuwa sama da manyan duwatsu, kowanne ya zauna kan na ƙasa da shi. Tsayin taki santimita 15 zuwa 18, wurin sa ƙafa aƙalla 30, kuma duk su zo daidai. Taki ɗaya da ya fi sauran tsayi shi ke kayar da mai saukowa, domin ƙafa ta riga ta saba da awon na baya. Bayan taki 10 zuwa 12 a bar fili na hutawa saboda dattawa. Wannan aiki magina na hannu za su iya. A Sukur ta jihar Adamawa, wadda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, hanyoyin hawa dutsen shimfiɗar duwatsu ce da hannu, ga su nan ana bi har yau.

Gefen da ya riga ya zaizaye kuwa a dasa ciyawar jema a layi, a gicciyen gangare, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, da farkon damina. Saiwarta kan nutse mita 2 zuwa 3 ta riƙe ƙasa. Sai dai a tsare ta daga dabbobi a shekarar farko.

Sai titin mota. Haɗarin magangara yawanci a saukowa yake, kuma baƙon direba ya fi faɗawa. Zai sa mota a babbar giya, wani ma ya sake ta a firi, ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama. Birki ya yi zafi, ya fara ƙauri, zafin ya kai ga man birki. Man nan yana shan danshi in ya daɗe: irin wanda ake kira DOT 3, in sabo ne, ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun a wajen 140. Da ya tafasa, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu komai. Don haka muna roƙon allo a saman gangare, da Hausa da Turanci, mai cewa a sauka da giyar da aka hau da ita, kuma mai saukowa ya ba mai hawa hanya. A sa madubi a kwanonin da ba a hango gaba, da ƙarfen kariya ta wajen rami. A yashe kwalbatoci tun da rani, domin in suka toshe ruwa kan hau titi ya ci gefensa.

A can sama inda ake tsayawa kallo, babu abin da ya raba mutum da bakin rami. Baƙo na ja da baya yana neman hoto ya fito da kyau, idonsa na kan waya. Wurin yana bukatar shinge mai tsayin mita 1.1, sandunansa a tsaye, tazararsu ƙasa da santimita 10 yadda kan yaro ba zai shiga ba. Sanduna a kwance tsani ne ga yara.

Akwai abin da ba ya bukatar kuɗi, umarnin fada kawai yake jira. A hana hawa in hadari ya haɗo. Ƙarar tsawa na tafiyar kilomita 1 cikin kusan daƙiƙa 3, saboda haka in tsakanin walƙiya da ƙara bai kai daƙiƙa 30 ba, kowa ya sauko, kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. A hana shiga kwarin da ruwa ke zubowa da damina ko da sama ta yi garau, don ruwan da aka yi a bayan dutse kan iso ba sallama, ga gansakuka a kan duwatsun. Da hunturu a hana kunna wuta da yar da guntun taba, domin gobarar ciyawa ta fi gudu in tana hawa gangare, kuma masu kallo a samanta suke. 'Yan makaranta kada su hau sai da ɗan rakiya ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a rubuta adadinsu wajen hawa, a sake ƙirgawa wajen sauka.

Makewayi ma babu. In za a haƙa, ya yi nesa da maɓuɓɓugar ruwa da aƙalla mita 30, kuma ta ƙasa da ita.

Allah ya taimaki Sarki, muna roƙon ka kafa kwamiti mai wakilin fada, da injiniyan ƙaramar hukuma, da wakilanmu, su taka turbar da titin da ƙafa su auna aikin. In za a karɓi kuɗin shiga, a ba da rasit, a ware na gyaran hanya, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Mu kuma mun ɗauki nauyin aikin gayya na tara duwatsu, da dashen jema, da yashe magudanai duk damina. Muna roƙon a sa mana ranar da za mu zo fada mu yi bayani baki da baki.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Talakawanka masu biyayya,
Masu rakiyar baƙi, direbobi da masu masauki.