Godiya ga kamfanin da ya kulle mana bayanan majinyata ya bar makullin a hannunmu

Assalamu alaikum Injiniya, kai da dukan ma'aikatanka.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin masu ƙananan asibitoci a Kaduna su san akwai masu aiki tsakani da Allah a garin nan. Ni ce nake kula da wani asibitin haihuwa a Tudun Wada. A kwamfutarmu akwai sakamakon gwajin jini, akwai tarihin ɓari, akwai lalurorin da mace ba ta son ko mahaifiyarta ta ji. Dole mu riƙa ajiye kwafi a wani wuri, domin wutar lantarki na iya dawowa da ƙarfi ta ƙona na'ura, ɓarawo ma na iya shigowa. Amma duk kwafin da ya bar ginin nan, sirrin matan mutane ne ya fita. Damuwar da na kawo ofishinku na Ahmadu Bello Way ke nan.

Ka zaunar da ni ka yi mini bayani da Hausa har na gane. Makulli biyu ne, na fili da na sirri. Na fili kamar kwaɗo yake: kowa na iya danna shi ya kulle, amma ba ya buɗewa da kansa, sai da makullin sirri. Na filin kaɗai kuka saka a kwamfutar asibiti. Kowane dare wata manhajar kulle bayanai mai suna GnuPG takan ƙirƙiri sabon makulli na wucin gadi, ta rikita bayanan da shi bisa tsarin kullewa na AES mai bit 256 (bit ma'aunin tsawon makulli ne), sannan ta kulle wannan makullin da namu na fili, na tsarin makulli biyu da ake kira RSA, mai bit 4096, kafin kwafin ya tafi ma'ajiyar intanet. Ke nan ko an sace faifan ajiya, ko an kutsa cikin ma'ajiyar, tarkacen haruffa kawai za a gani. Da na tambaye ka ko sabon abu ne za a gwada a kanmu, sai ka ce Whitfield Diffie da Martin Hellman sun fitar da wannan dabara ta makulli biyu tun 1976, Rivest da Shamir da Adleman suka kawo RSA a 1977, ita kuma GnuPG Werner Koch ne ya fara ta a Jamus a 1997, kuma kyauta ce. Ba ka caje mu ko kobo a kan manhajar ba, kuɗin aikinku kawai muka biya.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne batun makullin sirri. Na roƙe ka ka riƙe mana shi, tunda ku ne masanan. Ka ce, "Hajiya, idan yana hannunmu, to mu ma za mu iya karanta fayil ɗin majinyatanku, kuma ba mu da hurumin haka." A gabana aka ƙirƙire shi a wata kwamfuta da ba ta haɗe da intanet, kuka fita waje na rubuta kalmar sirri ni kaɗai. Kwafin makullin ɗaya yana cikin akwatin ƙarfe, ɗaya yana hannun likitanmu a wani gida dabam. Ka kuma gaya mini gaskiya mai ɗaci, cewa idan muka yar da su babu mai iya buɗe ajiyar, har ku ɗin. Na san yadda kasuwa take. Wani da gangan zai riƙe makullin don kada abokin ciniki ya taɓa rabuwa da shi. Ku kun bar mana 'yancin tafiya wurin wani duk ranar da muka so, shi ya sa ba mu da niyyar tafiya.

Ba ku tsaya nan ba. Kun sa ma'aikaciyarmu ta sashen rekod ta sauko da kwafi, ta buɗe shi da hannunta, muka ga fayilolin sun dawo cif. Kun kuma ja kunnenmu cewa wannan kullewa ta kwafin ajiya ce kawai, kwamfutar da muke aiki da ita kullum tana buƙatar nata tsaron. A bakinka na ji cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma idan aka samu kutse mai haɗari ga mutane, awa 72 ke gare mu mu sanar da NDPC, hukumar kare bayanai ta ƙasa.

Ka isar mini da gaisuwa ta musamman ga matashiyar da ta koya wa ma'aikatanmu aikin, haƙurinta ya kai a yaba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci sana'arku, Ya ƙara buɗi. Muna sa ran zuwanku ƙarshen watan gobe domin gwajin dawo da bayanai na gaba.

Wassalam,
Shugabar asibiti, Tudun Wada, Kaduna