Barka da Sallah daga Duwatsun Asir

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, Inna, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadarmu da layyarmu, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina gaishe ku da kyau da kyau. Yaya gida, yaya ƙafar Inna, yaya ruwa? Yaya ya ce mini an samu na shuka a Malumfashi, har gero ya fara leƙowa. Alhamdu lillahi.

Na san a gari ana cewa ɗanku yana Makka. Ku faɗa musu gaskiya, bana ma ban samu Arfa ba. Ba a shiga aikin Hajji sai da takardar izini, tasrihi, ni kuwa ban haɗa kuɗinta ba tukuna. Ku taya ni addu'a. Inda nake kudu ne can, yankin Asir, wani ƙauye a gefen birnin Abha, kan duwatsu. Abha kanta ta haura mita 2,200 a sama, dutsen Sauda da muke hange kuwa ya kai wajen mita 3,000. Yanzu da mutanen Riyad ke kukan zafi, mu da bargo muke kwana. Da safen nan da muka fito Idi, hazo ya sauko har ba ka ganin wanda ke gabanka, sai kabbararsa kake ji. Ba irin hazonmu na hunturu mai busar da leɓe ba ne, Inna. Wannan jiƙa riga yake yi.

Bayan an sauko, maigidana ya yanka ragonsa, ni na riƙe masa ƙafa kamar yadda nake riƙe wa Baba. Sai dai su ba sa tsire rago a jikin sanda a kewaye wuta, ba sa kuma yin suya a ajiye. Rami gare su, ana hura wuta a ciki har dutse ya yi ja, a shimfiɗa rassan wani itace, a jera nama, a rufe ruf. Bayan 'yan sa'o'i ƙashi da kansa yake zamewa. Hanis suke ce masa. Da safe kuma uwargidan ta aiko mini da arika: gurasar alkama ce ake murjewa da dabino, a kwarara zuma da man shanu a kai. Zumar nan ta furen itacen da suke kira sidir ce, wato kurnarmu. Na daɗe ina mamakin yadda itacen da yara ke jifa a bayan gidanmu ya zama dukiya a nan.

Da la'asar baƙi suka hauro daga gangaren Tihama, yankin da ke ƙasan duwatsun nan ta wajen teku, yawon Sallah. Dattawa ne da gemu, wuƙa a ɗamara, amma kowa ya ɗaura kambin furanni a ka, har da ganye mai ƙamshin ɗoɗɗoya. Ranar da na fara gani na sunkuyar da kai, don ban san yadda zan kalle su ba. Yanzu na gane ado ne na gado, kamar yadda Baba ba ya fita Idi sai da rawani. Aka shigar da su ɗakin baƙi, aka yi ta zagaya gahawa. Inna, da kin ga bangon ɗakin nan! Da farar ƙasa aka shafe shi, sannan aka bi shi da zane layi-layi, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. Mata ne ke yinsa da hannunsu, maƙwabta su taru su taya mai gida, ana yi ana waƙa. Sunansa Ƙaɗɗ, kuma ɗan maigidan ya ce tun 2017 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Ni dai daɓen ɗakin Goggo ya tuna mini, ranar da matan unguwa suka taru da maɓugai.

Baba, ga ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan takarda. Mutanen nan ba su da fili shimfiɗaɗɗe irin namu. Jikin dutse suka sassaƙa hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu, babu siminti ko kaɗan. In an yi ruwa, maimakon ya kwashi ƙasa ya gudu, sai ya tsaya a hawan farko ya jiƙa shi, ragowar ta tsiyaya zuwa na ƙasa. A nan suke shuka alkama da sha'ir da dawa, dawa irin tamu. Wata uku da suka wuce ruwa ya karya mana katanga ɗaya. Maigidan, tsoho ne ya girmi Baba, bai ko karya kumallo ba ya fita. Kwana huɗu muna ɗauko dutse ɗaya bayan ɗaya, yana juya kowanne a hannu har sai ya sami fuskar da zai zauna a kai. Ya ce kakansa ne ya ɗora na ƙasan. Ina miƙa masa dutse, zuciyata tana gonarmu ta tudu, wadda zaizayar ruwa ke ci kowace damina muna kallo muna cewa sai haƙuri. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Don haka kuɗin da na turo ta hannun Yaya, bayan an cire na ɗinkin yara da maganin Inna, ina roƙon Baba a ɗauki ragowar a yi hayar amalanke a kwaso duwatsu daga bakin rafi. A jera su a gicciye, ta inda ruwa ke gangarowa, layi uku ko huɗu, manya a ƙasa, ƙanana a cusa a tsakani. Ko tsayin gwiwa bai kai ba ya isa a fara. A bar gamba ta fito a bayansu, kada a nome ta. In na zo, da yardar Allah, da hannuna zan ƙarasa. Na koyi aikin.

Ba a raba ni da gwaggon biri a nan, garke-garke suke saukowa gona, yanzu ma ihun yara nake ji, dole in tashi. A gaishe mini da Kawu da Goggo da Malam Liman. Auta ta riƙe karatu. Inna, a ajiye mini soyayyen nama ko ƙwarya ɗaya, a toya shi ya bushe sosai yadda zai jira ni.

Wassalam.
Ɗanku mai neman albarkarku.