Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: A Koya Wa Yara Masu Galahanga Gane Fuska

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni uba ne ga yaro ɗan shekara bakwai mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim.

Wata rana malamarsa ta zo aji da sabon tabarau. Yaron da ya yi wata takwas a gabanta sai ya toge a bakin ƙofa yana kuka, wai wannan ba malamarsa ba ce. Bai natsu ba sai da ta kira sunansa, domin muryar ya sani. Ashe duk watannin nan da murya da tsohon tabarau yake gane ta, fuskar ba ta zauna masa ba. Abin da makarantar ta rubuto mini shi ne ɗana ya yi taurin kai. Ban ga laifin malamar ba, ranka ya daɗe, domin babu wanda ya taɓa koya mata cewa irin wannan na faruwa.

Ba kowane mai galahanga ne ke fama da hakan ba, amma masu fama da shi suna da yawa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da lalurar. Tun 1943, da likita Leo Kanner ya yi bayanin yara 11 a Amurka, ya lura cewa kayayyaki sun fi mutane jan hankalinsu. A 2002 Ami Klin da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka bi motsin idon masu lalurar da na'ura, suka ga sun fi kallon baki da jiki da kayan ɗaki, ba sa yawan kallon idanun mai magana. Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2013, wanda Warren Jones da Klin suka yi a kan jarirai. Waɗanda daga baya aka gano suna da lalurar sun fara rayuwa suna kallon ido kamar sauran jarirai, sai kallon ya riƙa raguwa tsakanin wata biyu zuwa shida. Sauran yara kuwa suna ta kallon fuskoki dare da rana har gane su ya zame musu jiki ba tare da malami ba. Wanda bai samu wannan dogon kallo ba, ta ina zai koya idan ba a zaunar da shi an nuna masa ba?

Kuma ana iya nuna masa. A 2010 James Tanaka na Jami'ar Victoria da ke Kanada da abokansa sun gwada wasannin kwamfuta na gane fuska. Bayan horon awa 20, yaran sun ƙara iya bambance fuskoki, har da amfani da idanu wajen ganewa. A Jami'ar Kambirij ta Ingila kuma, Simon Baron-Cohen da tawagarsa sun ɗora fuskokin mutane na gaske a kan jiragen ƙasa da motoci na zane, tunda yaran na son ababen hawa. Kallon minti 15 a rana na tsawon mako huɗu ya taimaka musu wajen gane murna da fushi da tsoro a fuska.

Ba kwamfuta nake roƙonka ka sayo ba. Abin da yaro ya iya a allon kwamfuta ba lallai ya biyo shi cikin aji ba, kuma hakan sanannen abu ne ga masu wannan aiki. A gidana hotuna ne suka yi mana amfani: hoton mahaifiyarsa tana dariya, wani tana ɗaure fuska, na malamarsa da tabarau da kuma babu, nawa kafin aski da bayansa. Muna rufe gashi da kaya da takarda, mu bar fuskar kaɗai, mu tambaye shi wane ne wannan. Ya sha kuskure kafin ya fara dacewa. Duk malamin da aka koya masa zai iya wannan cikin minti goma.

Roƙona shi ne a sa wannan darasi cikin manhajar kwalejojin horar da malamai, ga duk mai shirin koyar da ƙananan yara, kada a bar shi ga malaman ilimi na musamman kaɗai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, a sashe na 24, ta ce a koyar da su tare da sauran yara. To, malamin aji na yau da kullum ne zai same su.

Sai gargaɗi guda, wanda in aka tsallake shi gara a bar aikin. A hana malamai riƙe haɓar yaro suna cewa "kalle ni cikin ido". Manya masu galahanga da yawa sun bayyana cewa haɗa ido na takura musu ƙwarai, har ya hana su fahimtar abin da ake faɗa. Manufar ita ce yaro ya gane wanda ke gabansa, ya san ko fushi ake yi da shi ko wasa. In ya fara da gira ko baki, a bar shi ya fara daga nan.

Akwai kuma maganar tsaro, ranka ya daɗe. Yaron da ke gane mutum da riga zai iya bin duk wanda ya sa irin rigar mahaifinsa a lokacin tashi daga makaranta. Ya kamata kowace makaranta ta san waɗanne ɗalibanta ne ke cikin wannan hali, ta kuma ajiye hotunan masu zuwa ɗaukarsu.

Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 don wayar da kai kan galahanga, za a sake yin jawabai. Ina fatan kafin ta zagayo ofishinka ya aika wa makarantu takardar umarni a kan wannan.

Naka,
Mahaifin wani ɗalibi mai galahanga