Kar ƙannenmu su zuba kuɗi a lens ɗin da ba zai kama tsuntsu ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu da suka fara sha'awar ɗaukar hoton tsuntsaye, don abin ya fara shiga ransu sosai, yaro yana da kyamarar da yake ɗaukar biki da suna, sai ya ga hoton gauraka ko shamuwa a Facebook ya ce shi ma sai ya yi, daga nan tambayar ɗaya ce kullum, wane lens zan saya da ɗan abin da ke hannuna.

Abin da ya fi damuna shi ne dogon lens ɗin nan da ake talla a intanet, an rubuta masa 420-800mm, ga arha, yaro na ganin lambar sai hankalinsa ya tashi. Wallahi a bar shi. Ƙofar haskensa daga f/8.3 take farawa har f/16, wato haske kaɗan ke shiga, ba ya saita kansa sai ka murɗa da hannu, kuma ba abin hana rawar hannu a ciki. Tsuntsu ba ango ba ne da za ka ce masa tsaya ka gyara hula, kafin ka gama murɗawa ya tashi, in ma ka samu hoton sai ya fito dishi-dishi.

Mai Canon irin su 600D ko 700D ko 2000D, shawarata ya nemi EF-S 55-250mm IS STM na hannu. Ba nauyi, hotonsa tas, yana da IS mai rage rawa, kuma tunda waɗannan kyamarorin suna ninka tsawon lens sau 1.6, 250mm ɗin yana ba ka kusan abin da 400mm ke bayarwa a babbar kyamara. Za a nuna maka EF 75-300mm III a ce ai ya fi tsawo, gaskiya ne ya fi shi da 50mm amma ba shi da IS kuma in ka ja shi ƙarshe hoton yana laushi, ni dai ba na ba kowa shawararsa. Mai Nikon kuma ya duba AF-P DX 70-300mm, 300 ɗin ya zama kamar 450mm, sai dai a kula iri biyu ne, akwai mai VR, wato mai rage rawa, akwai wanda ba shi, a ɗauki mai VR ko da ya ɗan fi kuɗi. Sannan AF-P ba ya aiki a tsofaffi irin su D3100, D3200, D5100 da D90, ga su kuwa birjik a hannun masu hotonmu, shi ya sa ka je shago da kyamararka ka ɗaura ka gwada kafin ka tura kuɗi.

In na hannu ne, cire murfin gaba da na baya, kunna tocilar waya ka haska ta ciki ka leƙa. Ƴar ƙura ba komai ba ce, ƙasar hunturu muke, amma in ka ga wani farin zare-zare ya yi rassa a jikin gilashin, funfuna ce, damina ta kama shi a jaka, ajiye musu kayansu. Ja zum ɗin gaba da baya ka ji ko yana cijewa, fita waje ka ɗauki rubutun wani allo can nesa, ka buɗe hoton sosai ka ga ko harufan sun fito.

Su Sigma da Tamron 150-600mm suna da kyau ba musu, amma kusan kilo 2 ne ga tsada, su jira sai hannu ya faɗa.

Sauran kuɗin a yi kuɗin mota da shi. Dausayin Haɗeja da Nguru yana nan, ga Dagona a Yobe, daga Nuwamba zuwa Fabrairu tsuntsayen Turai na sauka su haɗu da namu, su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Ka fita da sassafe rana na bayanka, saka kaya marasa haske, sa gudun shota 1/1000 na daƙiƙa ko wanda ya fi haka sauri, ka zauna wuri ɗaya bakin ruwa ka bar su su zo, kar ka bi su kana korarsu, kuma don Allah kar a taɓa sheƙa saboda hoto. Wanda bai da halin tafiya ya fara da balbela a bayan shanu da kurciyar gidansu, a nan hannu ke koyon bin abu mai motsi.

Nijeriya na da tsuntsaye sama da kala 900, kuma cibiyar APLORI da ke Jos tana aikin bincike a kansu. Malam Edita, ina roƙon ku ware ɗan gefe ko sau ɗaya a wata, masu karatu su riƙa turo hoton tsuntsun da suka ɗauka da sunansa na Hausa da garin da suka gan shi.

Wassalam,
Mai karatunku daga Haɗeja