Wasiƙar godiya ga sashen bincike na cibiyar nazarin manufofi da ta rene mu

Zuwa ga shugabar sashen bincike da dukkan manyan masu bincike,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu da muka yi aiki a ƙarƙashinku a matsayin mataimakan masu bincike muka ga ya dace mu yi muku godiya a bainar jama'a, domin yaba kyauta tukwici. Muna kuma so matasan da ke sha'awar wannan aiki su san abin da ya kamata su tarar a ofishin da ya san darajar ƙaramin ma'aikaci.

Kafin babban mai bincike ya tsaya gaban 'yan majalisa ya ambaci adadi ɗaya, akwai ƙaramin ma'aikaci da ya tono rahoton, ya tace alƙaluman, ya zana jadawalin. Idan ya yi kuskure, sunan cibiya ne zai zube. Kun san haka, shi ya sa abu na farko da kuke damƙa wa sabon shiga shi ne rajistar madogara. Duk adadin da zai shiga daftari yana da layinsa a ciki: hukumar da ta fitar da shi, sunan rahoton, shafi, lambar jadawali, shekarar da adadin yake nufi, da ranar da aka sauko da shi daga intanet. Ranar nan tana da muhimmanci, domin Bankin Duniya da hukumomin ƙididdiga suna sabunta tsofaffin alƙalumansu, abin da ka gani yau zai iya sauyawa baɗi. Daga nan sai wani abokin aiki da bai sa hannu a rubutun ba ya bi kowane layi har zuwa asalinsa. Adadin da aka tsinta a jarida ba ya wucewa sai an samo takardar da jaridar ta ɗauko shi. Muna godiya da kuka mai da wannan duba doka a kan kowa, har da manya, ta yadda ƙarami ba ya jin ana tuhumarsa ne.

Mun fi jinjina muku kan yadda kuke koyar da ramukan da sabon hannu ke faɗawa tun kafin ya faɗa. A kasafin kuɗi akwai adadi uku da ba a cakuɗa su: abin da majalisa ta amince da shi, abin da baitulmali ya saki, da abin da ma'aikata ta kashe. Wanda ya ɗauki na farko ya rubuta cewa "an kashe" ya yi ƙarya ba tare da ya sani ba. Haka kwatanta kuɗin shekaru biyu ba a cire hauhawar farashi ba: kasafi zai iya ƙaruwa a takarda alhali abin da zai iya saya ya ragu. Ga kuma ɗan ƙaramin tarko da ke kama har gwanaye. Idan rashin aikin yi ya tashi daga kashi 10 zuwa kashi 12 cikin ɗari, ya ƙaru da maki 2 ne, amma idan aka auna da inda ya taso, ƙarin kashi 20 ne cikin ɗari. Dole marubuci ya faɗi wanne yake nufi.

Binciken gida-gida ma yana da nasa sharuɗɗan. A manyan bincike irin DHS, wato binciken yanayin jama'a da lafiyarsu da ake yi a ƙasashe da dama, wanda aka fara a 1984, da gangan ake yi wa ƙananan yankuna tambayoyi fiye da rabonsu na yawan jama'a don a samu isassun amsoshi, saboda haka kowane gida yana da ma'aunin nauyinsa a cikin fayil, wato lambar da ke daidaita amsoshinsa da ainihin rabon yankinsa. Wanda ya manta da wannan ma'auni zai fito da matsakaicin ƙasa karkatacce. Kun kuma hana a gina hukunci a kan mutane ƙalilan. Rahotannin DHS kansu ba sa buga kaso idan waɗanda suka amsa ba su kai 25 ba, daga 25 zuwa 49 kuwa cikin baka suke sa shi don mai karatu ya yi hattara. Sannan akwai lambobin da ake sa wa wanda bai ba da amsa ba, kamar 99 ko 998. Idan ba a karanta littafin bayanin lambobi ba, kwamfuta za ta lissafa su a matsayin shekaru ko yawan 'ya'ya, ba kuwa za ta yi gargaɗi ba.

Dokarku ta cewa ba a taɓa ainihin fayil ɗin bayanan bincike da hannu ta cancanci yabo na musamman. Ana ajiye shi yadda ya zo, duk gyara kuma a rubuce yake cikin umarnin manhajar ƙididdiga irin Stata ko R, yadda wani zai iya maimaita aikin daga farko ya samu sakamako iri ɗaya. Dalilin sananne ne a wannan fage. A 2010 masana tattalin arziki Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff sun wallafa cewa ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a shekara, haɓakarsu tana durƙushewa. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya nemi fayil ɗin Excel ɗinsu, ya gano an bar ƙasashe 5 a wajen lissafin matsakaici. Da shi da malamansa suka gyara wannan da wasu matsalolin auna nauyi, sai haɓakar da aka ce ta yi ƙasa da sifili ta koma kashi 2.2 cikin ɗari. Kuna kawo wannan misali don ƙarami ya gane cewa yana da ikon duba aikin babba, kuma a ofishinku wanda ya gano kuskuren maigidansa godiya yake samu.

Sai rubutu. Taƙaitaccen rahoto ga mai riƙe da muƙami ba ya wuce shafi biyu zuwa huɗu, kuma shawara ce a sama, hujja a ƙasa, domin mai karatunsa yana iya tsayawa a sakin layi na farko. Jimla irin "ya kamata gwamnati ta ƙara ƙaimi" ba ta tsira a hannunku. Sai an faɗi wace ma'aikata, da wace doka, nawa za a kashe, daga ina kuɗin zai fito, cikin wane wa'adi, kuma wa zai yi asara idan an aiwatar. Abin da ya bambanta ku shi ne ba kwa karɓe daftari ku sake rubuta shi a ɓoye. Kuna mayar wa mai shi da dalilin kowane gyara a gefen shafi, ya gyara da hannunsa. Hakan ya fi cin lokaci, mun sani, amma ta haka ne mataimaki ke zama marubuci.

A tarukan sirri kuna tunatar da mai ɗaukar bayani ƙa'idar Chatham House, wadda cibiyar nazari ta Landan mai wannan suna ta tsara a 1927: ana iya amfani da abin da aka faɗa, amma ba a bayyana wanda ya faɗa ko inda yake aiki. Haka ake cire sunaye da lambobin waya daga hirarrakin bincike kafin fayil ya bar hannun mai tattarawa.

Babbar damuwar ƙaramin ma'aikaci a irin waɗannan cibiyoyi ita ce manya uku su ba shi aiki rana ɗaya, kowanne ya ce nasa ne na gaggawa. Kun magance wannan da sa kowane aiki ya bi ta hannun mai kula guda ɗaya, a rubuce, da ranar miƙawa. Kuna sa sunan mataimaki a jikin rahoto idan ya yi nazari ko rubutu, ba a layin godiya kawai ba, kuma da wannan suna ake neman gurbin digiri na biyu ko aiki na gaba. Idan sakamakon bincike bai yi wa mai ba da tallafi daɗi ba, manya ne ke zuwa su kare shi, ba a taɓa tura ƙarami ya sassauta adadi ba. Kuna kuma rubuta sunan wanda ya ɗauki nauyin bincike a kowane rahoto.

Ba mu manta da ma'aikacin ɗakin karatu da ke nemo tsofaffin takardun hukuma ba, da jami'an kuɗi da ke biyan alawus ɗin aikin fili kafin a tashi, da editan da ke bin rubutu harafi-harafi. Roƙonmu shi ne ku rubuta waɗannan ƙa'idoji cikin ɗan littafi ku sa a shafinku na intanet, don sauran cibiyoyi da ɗalibai su amfana. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira.

Naku cikin girmamawa,
Tsofaffin mataimakan masu bincike na cibiyar