Kada ka jona fitilun nan tukuna

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Kumasi, ya damina, ya uwargida da yara? Wato tun Babbar Sallah ko filashin babu, sai a bakin ƙaninka nake jin ka sa sola a shago. Lallai Alhaji an faso gari.

Shi ne kuma ya ce min wai za ka jona fitilun LED ɗin nan na zare, masu bolt 12, kai tsaye a batiranka biyu da aka haɗa suka ba da 24. Don girman Allah ka dakata. Duba zaren da kyau: kowace gaɓa da ake yankewa ƙwan fitila uku ne da ɗan resista, wato abin da ke rage ƙarfin wuta. Farin ƙwai kusan bolt 3 yake ci, ukun sun tashi da 9 ke nan, ragowar 3 resistan ke shanyewa. In ka ɗura musu 24, ragowar ta haura 14, wutar da ke bin ƙwayayen ta ninka sau huɗu ko fiye. Za su haska kamar gidan biki, can sai ka ji ƙauri.

Na san halinka, yanzu za ka ce to a ja daga batir ɗaya. Nan ma a'a. Wanda ake ja zai riƙa sauka ya bar ɗan'uwansa, cajinsu ya daina daidaituwa, su mutu tun kwanansu bai kai ba.

Af, mai shayin bakin layinmu ya ƙara ta uku. Har yau yana cigiyar bashinka na ƙwai da biredi.

To, ka nemi ɗan allon nan mai rage wuta, LM2596, masu kayan lantarki sun san shi. Ka jona shi a batir, ka riƙa juya ɗan sukurun kana aunawa da mitar awon wuta har ta nuna bolt 12, sannan ka haɗa fitilun. Amma kada ka ɗora masa fiye da amp 2 (amp shi ne ma'aunin yawan wutar da ake ja), zafi yake ɗauka. Zare mai tsawon mita 5 mai ƙananan ƙwayaye, da ake kira 3528, shi ne iyakar abin da allon zai ɗauka. Mai manya, 5050, yana iya jan amp 6, sai ka nemi allo babba. In ba ka riga ka saya ba ma, ka sayi zare mai bolt 24 ka huta, duk da na san kai da fitar da kuɗi sai an yi dambe.

Inna tana gaishe ka, ta ce goron da ka yi alkawari ko a ƙafa yake tahowa ya ci a ce ya iso Kano. Ka ba direban da zai taso ranar Juma'a.

Naka har kullum,
Abokinka na Fagge